Mazan da Ba Sa Barin Abuja Ranar Juma'a

Tun da na dawo daga Abuja wayata ba ta huta ba. Wannan ta kira wai Rabi yaya garin, waccan ta turo saƙon murya wai me na je yi har na daɗe haka. Na maimaita zance ɗaya har muryata ta dishe. To ga shi na rubuta, kowa ta karanta da kanta, wadda ba ta da lokaci ta ba 'yarta ta karanta mata.

Kun san sana'ata, dalilin aure, kuma wajen Gwaggona na gaje ta. Ita da ƙafa take yi, gida-gida, da hotuna a jakar hannu. Ni da zamani ya zo sai na sa aka buɗe mini shafi a intanet, mai so ya shiga ya ba da bayaninsa, ni in bincika, in haɗa waɗanda suka dace. Mata kam sun shigo, kuma matan kirki, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa. Maza ne matsalar. Na biya aka yi mini talla a shafukan sada zumunta, sai ga samari sun cika mini wuri kamar an buɗe gidan kallon ƙwallo. Yaro bai gama sakandare ba, wai yana neman hajiya mai mota. Wani ko sallama ba ya yi, sai dai ya ce a turo hoto.

Abin da ya tashe ni tsaye shi ne maganar Malama Zulai. Shugabar firamare ce a unguwarmu, mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta duk suna ɗakunan mazajensu, ita kaɗai ce a gida. Ni na yi ta lallashinta har ta yarda ta sa sunanta. Sai wani ɗan iska ya yi ƙaryar shekaru da ƙaryar aiki, ya samu yin magana da ita ta cikin shafin, ya faɗa mata abin da ba zan iya rubutawa ba. Har gida ta same ni, ko zama ba ta yi ba.

Ta ce, "Rabi, ni ba yarinya ba ce. In azumi ya kama ban ga mutumin kirki ba, ki cire sunana, kuma kada ki sake yi mini zancen aure har in koma ga Allah."

Na san Malama, in ta faɗi magana ba ta janyewa. Na kuma san tana son auren, kunya da tsare mutunci ne suka hana ta faɗa. Wata ta ba ni lambar wani Mista Dayo da ke yi wa kamfanoni tallan intanet a Abuja. Ya ce zai yi mini bayani ta waya, na ce a'a, ni ba na gane abu sai na ga ana yinsa. Maigida ya ce in tafi, amma kada in dawo da Turanci a bakina.

A tasha aka zaunar da ni kusa da wata mata ƙatuwa, ta cika bayan mota da buhunan kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa. Ta taɓa ni ta ce, "Hajiya, ka matsa kaɗan mana, ƙafana yana ciwo." Sunanta Madam Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna ce, tana sayar da abinci a Kubwa. Kafin mu kai Zariya na san ciwon gwiwarta da sunayen 'ya'yanta da abin da ya haɗa ta faɗa da mai gidan hayarta, ita kuma ta cinye mini rabin dambun naman da na yi guzuri.

Bayan mun wuce Kaduna aka tsayar da mu a wani shinge, aka ce kowa ya buɗe jakarsa. Ni kuma na taho da kundin hotunan matan da suka yarda a nuna su, don Mista Dayo ya ga irin mutanen da nake aiki dominsu. Jami'in ya buɗe, ya ga mata shafi bayan shafi, sai fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Ina za ki kai su?"

Na ce, "Ɗakin miji, in Allah ya yarda."

Ashe shi safarar mata yake zargi. Ya kira ogansa, aka sauke ni, fasinjoji suka fara tsaki. Ina cikin bayani, sai ga Madam Rifkatu ta sauko da ɗingishinta tana faɗa da Hausa da Turancin buroka a haɗe, wai su dubi fuskata da kyau, in sun taɓa ganin mai sayar da mutane da carbi da maganin hawan jini a jaka su faɗa. Ogan ya duba shafina a wayata, ya yi dariya, ya ce mu tafi. Shi kuwa wanda ya kama ni, har mota ya biyo ni, ya rage murya ya tambaya ko akwai ma'aikaciyar asibiti a ciki.

A Tafa muka yi sallah muka ci abinci, shinkafa da miya mai yaji kamar an yi faɗa da mai dafawa. Muka isa Zuba gab da magariba. Nan ne bakin Abuja, nan ake juye mutane a shiga ƙananan motoci. Na kira 'yar ƙanwar mahaifiyata da zan sauka wajenta, sai ta ce wayyo, an yi musu rasuwa a dangin miji, sun tafi garin Lafiya tun safe, gidan a kulle. Na tsaya da jaka a hannu, masu mota suna ta ihun sunayen wuraren da ban taɓa ji ba. Madam Rifkatu ba ta ma tambaye ni ba, ta ce wa mai ɗaukar kaya ya haɗa da jakata.

Ɗaki da falo ne gidanta a Kubwa. Ta aika aka sayo mini sabuwar buta, ta je wajen mai shayin bakin layi ta tambayo mini alƙibla, ta matsar da kujera don in samu wurin shimfiɗa darduma. Ita tana addu'arta a ɗaki da waƙa, ni ina tawa a falo, ba wadda ta takura wa wata. Allah ya saka mata da alheri.

Garin kuwa sai a hankali. Gida ɗaya, ƙofofi a jere, amma maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. Ba mai yin sallama ya shigo aron gishiri. Ruwa a kura ake kawo shi, kowace jarka da lissafinta, sai da na koyi wanka da rabin bokiti. Da asuba in kin leƙa titi za ki ɗauka gobara ake yi, maza da kwat, mata da takalma a hannu, kowa yana gudu ya samu bas. Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, a jefa miki ita a wuce. Ni da na saba, na tare wani dattijo zan tambaye shi hanya, na fara da ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aka ji da jama'a. Kafin in kai ga tambayar ya sa hannu a aljihu ya ce in yi haƙuri ba shi da canji. Ni Rabi! Na kusa nutsewa a wurin.

Ofishin Mista Dayo a cikin gari yake, can saman bene, ɗaki ɗaya mutane da yawa, kowa da teburinsa da kwamfutarsa. Bayarabe ne amma a Sabon Garin Kano ya tashi, Hausarsa ta fi ta wasunku. Ya saurare ni har na gama, sannan ya juyo da kwamfutar wajena.

Ya ce, "Hajiya, hanyoyin kawo mutane shafi suna da yawa, amma kowace hanya da irin mutanen da take kwasowa."

Ya nuna mini su. Akwai tallan da ke fitowa in mutum ya rubuta abin da yake nema da hannunsa. Waɗannan da gaske suke, amma mutanenmu ba su cika rubuta "ina neman mata" ba, ko su kaɗai ne a ɗaki. Akwai masu barkwanci a bidiyo da ake biya su ambaci shafinka, ya ce mabiyansu yawanci yara ne, su zan sake tarawa. Sai kuma wanda ya ce ya fi kowanne araha, wanda yake faɗowa kan fuskar waya ba a kira shi ba, da hoton yarinya rabin jiki a waje, a shafukan da mutumin kirki ba ya faɗin ya shiga. Na ce a'uzubillahi, ya rufe. Ya yi dariya ya ce ya san haka zan ce, amma aikinsa ne ya nuna mini.

Shawararsa ita ce kada mu zuba komai wuri ɗaya. Mu gwada kaɗan-kaɗan, kowane talla da ƙofarsa daban, wato link ɗinsa, don mu san ta ina kowa ya shigo. Muka saita ɗaya ya riƙa fitowa ga maza manya kawai, waɗanda ke Kubwa da Kurudu da Masaka da sauran garuruwan ma'aikata. Ya kuma buga mini 'yan katuna in ajiye inda na ga dama.

Da yamma na zauna a rumfar Madam Rifkatu, kusa da inda bas ke sauke mutane. Jama'a, sai ga maza! Manya, masu furfura a gemu, da katin aiki rataye a wuya, suna layin tuwo da miyar kuka. A Kano in kika ga mutum mai waɗannan shekaru yana cin tuwon dare a rumfa, ai kin san ba mace a gidansa. Na ce a raina, Rabi, ga su nan an tara miki. Na bi tebur-tebur ina ajiye kati.

Ba a jima ba suka fara shigowa shafina, ta katin da ta tallan waya duka. Mista Dayo ya kira yana murna, wai bai taɓa ganin tallan aure ya kawo manya haka ba. Ni kuma na fara kiransu ɗaya bayan ɗaya, yadda na saba.

"Alhaji, akwai iyali?"

"E to, akwai, amma suna Katsina."

Na ce ba laifi, addini ya yarda, akwai ma matan da suka ce ba su ƙi ba. "Uwargida ta san da maganar?"

"Haba Hajiya, ai ba sai ta sani ba. Wannan na nan Abuja ne kawai."

"To 'yan'uwanka fa, wa zai karɓa maka?"

"A ɗaura a nan shiru, akwai wani malami."

Na kira na gaba, iyali suna Gombe. Na gaba, suna Sakkwato. Kusan duk bakinsu ɗaya, mai dafa musu abinci suke so daga Litinin zuwa Alhamis, wadda ba wanda zai san da ita. Ni kuwa ba na haɗa auren ɓoye, Gwaggo ba ta yi ba, ni ma ba zan fara ba. Ku da mazajenku ke aiki a Abuja, kada wadda ta kira ni tana tambayar suna. Ba zan faɗa ba, kowa ta kwantar da hankalinta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bar samari marasa kunya na faɗa hannun manya marasa gaskiya. A ranar Malama Zulai ta kira ni, ta tambayi lafiyata da ta masu masaukina, ba ta ce komai game da abin da ya kai ni ba. Da ta tambaya ma da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a na haɗa kayana na ce gida zan tafi. Na isa tasha bayan an sauko daga masallaci, ban ko ga ƙofar mota ba. Mutane kamar ranar idi, kowa da 'yar jaka da ledar burodi, ana turereniya, kuɗin mota ya tashi. Na hango fuskoki da yawa da na sani a rumfar tuwo. Haka na dawo da jakata, Madam Rifkatu tana yi mini dariya, wai wa ya ce mini ana tafiya arewa ranar Juma'a ba a shirya ba.

Washegari Asabar na ga ta ɗora 'yar ƙaramar tukunya, ba irin wadda ta saba ba. Na ce ko gas ne ya ƙare.

Ta ce, "Wa zai ci? Masu mata sun tafi gida, sai Litinin. Wanda ka gani yau, ba shi da inda zai je."

Ta ci gaba da yankan albasarta. Ni kuwa na juya na dubi rumfar. Mutane kaɗan ne, kuma ba irin zaman ranakun aiki suke yi ba. Sun gama ci, sun wanke hannu, amma ba wanda ya tashi. Wani yana karanta takardar da aka naɗe masa ƙosai. Wani yana kallon titi kawai.

Nan take na kira Mista Dayo na ce, "Ana iya hana talla fitowa sai ranar da mutum ya ga dama?"

Ya ce sosai ma, har awa ana iya zaɓa. Na gaya masa abin da na gani. Sai ya ce in ba shi kalmomin. Muka kashe na ranakun aiki gaba ɗaya, muka bar Asabar da Lahadi. Na ce ba hoto, ba fure, ba zoben turawa. A rubuta kawai: in kana Abuja yau kuma ba wanda ke jiranka a gida, ga mai dalilin aure daga Kano, amma ba a yin na ɓoye. Ya ce maganar ta yi tsauri, za ta kori mutane. Na ce ai korar nake so.

Kaɗan ne suka shigo, ba kamar na farko ba. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, a cikinsu akwai waɗanda kuɗin mota ne kawai ya hana su tafiya. Amma akwai na gaske, wanda matarsa ta rasu, wanda suka rabu da daɗewa, wanda hidimar ƙanne ta hana shi aure har ya manyanta. Da na ce zan bincika, ba wanda ya yi gardama, wasu ma su suka fara ba ni lambar 'yan'uwansu. Dole na ƙara mako, na gaya wa maigida, ya ce dama ya san Abuja za ta riƙe ni.

Wanda hankalina ya fi kwanciya da shi sunansa Malam Isiyaku, ma'aikaci ne a sashen kuɗi na wani ofishi, yana zaune a Kurudu. Ranar Lahadi, bayan Madam Rifkatu ta dawo daga coci, ta raka ni. Tafiya ce mai nisa, daga wannan gefen gari zuwa wancan, mota bayan mota, a ƙarshe ɗan acaɓa ya kusa zubar da ita a kwata, ta bi shi da zagi har ya ɓace. Kurudu ta fi kama da gida, akwai gonaki a bayan gidaje, akuyoyi suna yawo.

Ban fara zuwa wajensa ba. Na tsaya wajen mai kanti, na je wajen limamin unguwa, na tambayi wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa. Maganarsu ɗaya: matarsa ta yi jinya mai tsawo, shi ya yi ta ɗawainiya da ita har ta cika, yaransa sun girma suna wasu garuruwa, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Liman ya ce aibinsa ɗaya, in ya fara ba ka labarin barkonon da ya shuka sai ka nemi hanyar gudu.

A bayan gida muka same shi yana ba barkonon ruwa. Ya shimfiɗa mana tabarma a waje, ya kawo shayi da ya dafa da kansa, sukari ya yi yawa. Na yi masa tambayoyina duka, ya amsa ba kwana-kwana. Mutumin Misau ne, iyaye sun rasu, an raba gida, in ya je ma baƙo ne. A ƙarshe na ce, "Malam, ka daɗe kai kaɗai. Me ya sa yanzu?"

Ya ce, "Hajiya, daga Litinin zuwa Juma'a ba na jin komai, aiki yana ɗauke mini hankali. Lahadi ce matsalar. In na dawo daga masallaci da asuba, in share gida, in yi wanki, in ba shukar nan ruwa, sai in duba in ga ko hantsi bai yi ba. Daga nan har dare ba wanda zan ce wa komai."

Muka yi masa sallama, ni da Madam Rifkatu muka je muka hau mota.

Dawowata ba wani labari, ranar Talata na taho, mota ba cikowa, ba wanda ya buɗe mini jaka. Madam Rifkatu ta cika mini leda da doya da manja, muka rabu tana cewa in na sake zuwa Abuja na sauka wani wuri ba ta yafe ba. Tallan yana nan yana fita duk Asabar da Lahadi, Mista Dayo yana turo mini bayanin ta inda kowa ya shigo, samarin nan kuwa sun ragu sosai.

Washegari da la'asar na tafi gidan Malama Zulai, lokacin azumi ya rage kaɗan. Na same ta a tsakar gida tana duba littattafan yara da jan biro. Na faɗa mata komai, ba ƙari ba ragi, har da barkonon da shayin. Ba ta ɗago ba. Ta tambayi sallarsa, ta tambayi ciwon da ya kashe matar, ta tambaya ko 'ya'yansa sun san yana nema. Na ce sun sani, babbar ma ni da ita muka yi waya. Ta ce to, ta ji, za ta yi tunani, da muryar da take sallamar iyayen yara. Na ga alamar a'a ce ke tafe.

Har na ɗauki mayafina, sai na ce bari in gaya mata amsar da ya ba ni da na tambaye shi me ya sa yanzu. Na faɗa mata yadda ya faɗa.

Biron ya tsaya. Gidan ba motsin kowa sai mu biyu.

Ta ce, "Ni tun ranar Juma'a, in aka tashi yara, nake fara jin tsoron Lahadin nan."

Ta goge ido da bakin hijabi, ta gyara zaman tabarau, ta jawo wani littafin ta buɗe.

Ta ce, "Ki ba shi lambar Yaya Sani, shi ne waliyyina. Can zai fara zuwa."